Kwamfutar Taubashina Ba Ta Ƙone Ba

Rana ɗaya muka sayi kwamfutocinmu, ni da taubashina, a shago ɗaya cikin Funtua. Iri ɗaya ne, baƙaƙe, na hannu, irin manyan nan da ake girkewa a ƙarƙashin tebur. Na daɗe ina jujjuya su biyun ina neman wadda ba ta da tabo. Shi kuwa yana bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa, ya ce in zaɓa in bar masa saura. Na zaɓa. Har yau idan na tuna da hannuna na zaɓa, sai haushi ya kama ni.

Ɗan gwaggona ne, a Yankara yake zaune, ni kuma a Kankara. Yana ce mini bawana, ina ce masa bawana, tun muna yara ba wanda ya raba wannan gardama. Ni daga firamare ban ƙara gaba ba, shi ma bai fi ni da wani abin kirki ba. Haɗa bidiyon biki muka koya da kallo da tambaya, kowa ya buɗe ɗan shagonsa. Akwai wani mai kyamara mutumin Sabuwa, dogo, marar yawan magana, da ke yawo a babur yana ɗaukar bukukuwa tun daga garinsu har ƙauyukan Faskari da namu. Shi ke kawo mini aiki. In ce shi ne shagon nawa ban yi ƙarya ba, domin sauran abin da nake yi, hoton fasfo da tura karatu a waya, ba ya riƙe gida.

A wajenmu ba a jiran bidiyon biki. 'Yan kai amarya su kwana, washegari a yi buɗar kai, a ci abinci, sai kowa ya nemi mota. Yanzu ba mai yarda la'asar ta riske shi a hanya, kowa kuma ya san dalili. Matan suna son bidiyon a cikin wayoyinsu kafin su hau mota, saboda ƙauyuka da yawa ba sabis ɗin da zai ɗauki abu mai nauyi. Don haka mai kyamara zai kawo katin kyamararsa da sassafe, in yanke abin yankewa, in sa rubutu da furanni da kiɗa, sannan in bar kwamfuta ta haɗe komai ya zama fim ɗaya. Wannan na ƙarshen ni dafawa nake ce masa. Shi ke cin lokaci, shi ne kuma ke sa inji ya yi zafi.

Da ban san da zancen zafin ba, ina zaune lafiya. Wani mai gyara ne ya sa mini wata 'yar manhaja da ke nuna zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Lamba ce kawai a kusurwar allo. In tana ƙasa koriya ce, in ta hau ta koma rawaya, in ta ƙara ta yi ja. Ya ce in riƙa dubawa jefi-jefi. Bai san wa ya faɗa wa ba. Daga ranar na daina kallon fuskokin amare, lambar nake kallo. In na fita alwala sai na dawo da gudu na leƙa ta. In ta yi rawaya sai in rage hira, kamar maganata ce ke ƙara mata zafi. Ina cikin dafawa ta kan haura casa'in ta yi ja, fankar ciki ta yi ta kuka, aikin kuma ya koma tafiyar hawainiya. Sai in zauna in haɗa tagumi ina salati har ta gama.

Ba don ban kula da ita ba ne. Na sa kafinta ya yi mata akwati na katako mai ƙofa da kwaɗo, don kada yara su taɓa, kada kuma ɓera ya shiga. Mai ɗakina ta ɗinka mata riga da yadi mai kauri, ta yi mata ado da zare a baki, irin wadda ake yi wa keken ɗinki. Ko tana aiki ba na cire rigar, don lokacin kaka ƙaiƙayi ba inda ba ya shiga a garinmu.

Sannu a hankali mai kyamara ya fara yi mini nisa. Biki uku za a yi, ɗaya zai kawo. Wata rana na daure na tambaye shi ko na yi masa laifi.

Ya ce, "Ba laihi, Malam. Aikinka ya hi tsabta. Amma na Yankara ya hi sauri. Kahin a gama cin tuwo ya gama."

Na ce, "Ai injinmu ɗaya ne."

"To, ni dai ban sani ba. Nashi gudu yake."

Na kasa cin abincin kirki a ranar. Inji ɗaya, shago ɗaya, ni ma na zaɓa. Na yi ta tunanin ko mai shagon ya san wadda ta fi, ya yi wa taubashina ido, ni ina can ina neman tabo. Na yi istigfari a kan wannan zato, ya tafi, ya sake dawowa.

Ranar kasuwar Yankara na shirya na tafi, na ce zan gaida gwaggo. Na gaida ta kuwa, amma ban zauna ba. Shagonsa na bakin kasuwa, cike da mutane da hayaniya. Abin da na gani ya sa na tsaya cak a ƙofa. Kwamfutar tana kan turmi da aka kife, an cire mata murfin gefe ɗaya, hanjinta duk a waje. Wata tsohuwar fanka mai tsayawa, da aka ɗaure wuyanta da roba, tana hura mata iska kai tsaye. Akwai kofin shayi a samanta.

Yana ganina ya ɗaga murya. "A'a! Jama'a ku ba bawana wuri. Mi ya hito da kai daga gadi? Wa ka bar wa amaryar?"

Na ce, "Wace amarya?"

"Wadda ka sa a kulle mana. An ce har lulluɓi gare ta."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Idona na kan allonsa. Yana dafa wani bidiyon suna, layin da ke nuna ci gaban aikin yana tafiya ana ganinsa da ido, ba irin nawa ba da sai ka kau da kai ka dawo kafin ka ga ya motsa. Na nemi lambar zafi a kusurwa, babu.

"Ina lambarka?"

"Tana nan ciki. Na duba ta da azumi."

Na tambaye shi me ya yi mata. Bai ɓoye ba, shi ba ya ɓoye komai, wannan ma na cikin abin da ke ba ni haushi da shi. Ya kashe ta bayan ta gama, ya kunna yana danna wani maɓalli, sai ga wani shuɗin allo cike da Turanci, ya ce sunansa bayos. Ya nuna mini wata lamba ya ce ita ce linzamin firosesa. Masu ƙera ta sun ja linzamin don tsoro, shi kuma ya sassauta. Wani yaron Kaduna ya nuna masa a waya, ya ɗaga lambar, ta karɓa, shi ke nan.

Na ce, "In ta ƙone fa?"

"In ta ƙone ta ƙone. Jaki ma shina mutuwa."

A mota ina komawa ban san lokacin da muka wuce garuruwa ba. Ina ta auna yadda nake goge tawa kullum da tsumma mai laushi, da yadda ban taɓa ɗora mata ko allura ba, ga wanda ya mai da tasa teburin shayi yana kwashe mini aiki. Na so a ce na ga hayaƙi na fita daga cikinta. Ba sau ɗaya wannan ya zo mini ba kafin mu iso Kankara.

Washegari da hantsi na rufe ƙofar shago daga ciki, na shiga shuɗin allon. Na riƙe lambar da na gani a wajensa. Na sa ta, sannan na ƙara ɗaya a kai, don in fi shi. Ni da ba na tsallake kwata sai na duba sau biyu, ranar ban duba komai ba. Na adana, kwamfutar ta mutu don ta sake tashi. Fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna. Baƙi. Na cire wayar wuta daga bango na mayar. Baƙi. Na zauna a ƙasa. Na daɗe a nan kafin na yarda cewa mutum ɗaya ne zan iya kira.

Sai da ya gama dariyarsa a waya, har yana tari, sannan ya ce kada in taɓa komai, yana zuwa. Ya iso bayan azahar a babur. Ya tsaya gaban akwatin katakon ya riƙe ƙugu.

"Buɗe mu ga amarya."

Na buɗe kwaɗon. Ya zare rigar ya ɗaga ta sama yana duba adon.

"Wallahi ɗinki ya yi kyau. Amma kai, in an sa maka bargo a bazara aka kulle ka a rumbu, aka ce ka yi noma a ciki, mi za ka yi? Ka toshe mata hanci ka zauna kana kallon lamba."

Ya fito da ita tsakar shago ya kwance murfin. Ya ciro wani ɗan batir mai kama da kwabo daga jikin babban faifan da ke cikinta, ya ce shi ke riƙe abin da aka sa a bayos, in an cire shi na ɗan lokaci za ta manta da haukan da na yi. Kafin ya mayar, ya kwance fankar da ke kan firosesa da ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Tsakanin haƙoran ƙarfen duk ya cushe da ƙura da zaren auduga, tun daga inda aka yi amfani da ita kafin ta zo hannuna. Man da ake shafawa tsakanin ƙarfen da firosesa ya bushe ya zama kamar ƙanzo. Ya kankare shi a hankali, ya goge, ya ciro wani ɗan bututu daga aljihu ya ɗiga sabo, bai fi ƙwayar dawa ba. Na ce ya ƙara. Ya ce ba miya ba ce.

Ta tashi. Da allon ya kawo haske sai da na juya baya na share ido. Lambar ta fito koriya shar, ƙasa da duk yadda na taɓa ganinta.

Daga nan ya zauna ya koya mini yadda ake yi. Mataki ɗaya za ka ɗaga, ka adana, ka tashe ta, ka ba ta aiki mai nauyi ta daɗe tana yi, kana kallon zafi. In ba ta daskare ba, ba ta mutu da kanta ba, zafin kuma bai yi yawa ba, sai ka ƙara ɗaya. Ranar da ta yi gardama, ka koma matakin baya ka tsaya nan. Ya nuna mini inda ake ƙara mata ƙarfin wuta ya ce wannan kada in kusance shi, shi ke kashe inji. Ya ce kuma ba kowace ke karɓar abin da 'yar'uwarta ta karɓa ba, ko da rana ɗaya aka ƙera su.

Na ce, "Kai haka ka bi, ɗaya bayan ɗaya?"

"Ni? Ina na ga lokaci? Tsalle ɗaya na yi ta karɓa. Amma kai bi a hankali, kada zuciyarka ta buga mu shiga uku da gwaggonka."

Na tambaye shi iyakar zafin da ba shi da haɗari. Ya ce tamanin da wani abu ba komai ba ne in tana cikin aiki, in ma ta kusa ɗari ita da kanta za ta rage gudu don ta tsare ranta. Na ji shi, amma a zuciyata na yanke tamanin. Na ce mutumin da ke ɗora shayi a kan kwamfuta ba shi zai yanka mini iyaka ba.

Na yi masa godiya, godiya ta gaske, na saya masa tsire. Yana tafiya kuma na ji haushin ya fi na da. Da ina cewa sa'a ce kawai gare shi. Yanzu ga shi ya zo har shagona ya nuna ya fi ni sanin abin da na fi shi damuwa da shi.

Na bi matakan yadda ya ce, na ma fi yadda ya ce. Kowane mataki sai na yini ina gwada shi. Tawa ta tsaya ƙasa da tasa, daga nan in na ƙara sai ta daskare. Duk da haka ta yi sauri sosai. Na bar akwatin katakon na sa takardu a ciki, na ɗora ta a kan benci kusa da taga, na sayi ƙaramar fanka. Rigar kuwa mai ɗakina ta karɓe abinta, ta rufa wa buhun gari. Na aika wa mai kyamara cewa ya zo ya gwada ni.

Ya zo da wani biki a tsakiyar bazara. Amarya daga Mabai aka kawo ta Kankara, danginta kuma wasu daga Mabai ɗin, wasu daga 'Yargoje, mota ɗaya suka yi shata. Bikin babba ne, katin ya cika. Na gama yanka da ado wajen hantsi, na sa dafawa. Zafin garin ranar ba a magana. Kwanon shagona har ƙara yake yi, iskar da fanka ke hurawa kamar daga bakin tanda.

Kafin azahar matan suka fara zuwa da wayoyinsu. Babbarsu wata Hajiya ce, gwaggon amarya, mai jiki, ta zauna a bencin ƙofa tana fifita da gefen mayafi.

"Ɗana, ya dahu?"

"Saura kaɗan, Hajiya."

"To a yi dai. Direban nan ba ya da haƙuri, mu ma ba mu son yamma."

Layin aikin ya wuce rabi, yana tafiya da kyau, irin tafiyar da na gani a Yankara. Lambar tana saba'in da tara. Ta taɓa tamanin ta dawo. Ta sake taɓawa ta zauna. Na matso da fanka har tana gogar ƙarfe. Tamanin da biyu. Na buɗe taga duka, zafi ya ƙara shigowa. Mai kyamara na tsaye a bayana, bai san abin da nake kallo ba, layin yake kallo yana gyaɗa kai. Tamanin da huɗu. Na tuna baƙin allon nan da zamana a ƙasa. Na tuna ba ni da wata in wannan ta tafi. Na ce wa kaina ai taubashina ya ce ba komai, sai wata zuciyar ta ce, shi da ya ce jaki ma yana mutuwa? Layin ya kai kashi uku cikin huɗu. Tamanin da biyar.

Na danna tsayawa.

Na san manhajar da nake aiki da ita ba ta ci gaba daga inda aka tsaya, sai dai a faro daga farko. Na sani sarai lokacin da nake dannawa.

Mai kyamara ya ce, "Mi ya hwaru? Wuta ce?"

Na ce, "Ta yi zafi. Bari ta huce kaɗan."

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar da ɗazu take ta aikinta lafiya lau. Na jira lambar ta sauko ta yi kore, na shiga bayos na mayar da linzamin inda masu ƙera ta suka sa shi, na sake farawa. Layin ya koma tafiyarsa ta da.

Hajiya ta leƙo. "Ɗana, na ga abin ya koma baya. Ko idona ne?"

"Gyara na yi, Hajiya."

"Ikon Allah. Tuwo ya kusa kwashewa ka sake ɗora ruwa?"

Matan suka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Direba ya fara danna oda daga bakin titi. Aka yi sallar azahar aka dawo, layin bai kai rabi ba. Wata yarinya cikin ƙawayen amarya ta ce ita ba inda za ta sai da bidiyon, wata babba ta daka mata tsawa ta ce ta tashi, ba a wasa da hanya. Suka tattara wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ce ta ƙarshe. Ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi, ta dubi mai kyamara ba ni ba.

"Malam, ai da ka ce mana ba a nan ake yi ba."

Bidiyon ya gama bayan la'asar, ya yi kyau ƙwarai, ba wanda zai karɓa. Mai kyamara ya sa shi a katinsa ya ce zai san yadda zai kai musu ranar kasuwa. Ya yi mini sallama kamar kullum.

Nan da nan labari ya isa Yankara. Taubashina ya kira ni yana cewa, "Tamanin da biyar? Bawana, tawa da tamanin da biyar take karin kumallo!" Na kashe wayar. Tasa tana nan har yau a kan turmi, ba murfi. Duk wanda ya zo daga can sai na tambaye shi lafiyar gwaggo, da lafiyar yara, sannan in ce, injin nasa fa, yana nan dai? Su ce yana nan. In ce madalla. Na san ba madallar ce a raina ba, ina kuma neman tsari da abin da ke raina, amma ban daina tambayar ba.

Bayan damina ta sauka gari ya yi sanyi, na ga mai kyamara a tasha yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Na je muka gaisa. Na ce masa na mayar da gudun, na kuma yi ta gwaji, yanzu na yarda da tamanin da biyar, ko ta kai nan ba zan taɓa ta ba. Na ce ya sake gwada ni ko sau ɗaya.

Ya gama ɗaurinsa tukuna, ya ja igiyar ya ga ta yi ƙarfi. Sannan ya ce, "Na yarda, Malam. To in ta kai tamanin da shida hwa?"

Na buɗe baki in ce zan bar ta. Na kasa, domin ba na son in yi masa ƙarya. Ya ɗan jira, ya ga ba abin da zai fito, ya ce in gaida gida. Ya tada babur ya hau titin Yankara.